FILIN ANTI: Baƙuwa Za Ta Zo Daga Nesa, Ina Zan Kai Ta a Kaduna?

   

Wannan watan da na yi niyyar mu ci gaba da maganar lefe da muka faro, to amma sai ga wata wasiƙa daga wata ƙanwarku ta Unguwar Dosa wadda ta sa na ajiye waccan maganar tukuna. Ta roƙe ni in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ga abin da take cewa:

"Anti don Allah ki taimake ni, ina cikin damuwa ko barcin kirki ba na yi. An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah da wani ɗan uwan babanmu mutumin Maraɗi. To yanzu ya aiko cewa ƙanwarsa za ta zo gidanmu ta yi kwana uku, wai za ta zo ganin gari, amma ni na san ni aka turo ta ta gani. Ita kuwa Anti a Faransa ta yi karatu, a wani gari wai shi Bordo. Ya ce tana yawan ba su labarin yadda ake kai baƙi yawon gonakin inabi a can, a zagaya da su tsofaffin gidaje, a kawo musu abinci iri-iri su ɗanɗana. Ni kuwa ko Abuja sau ɗaya na taɓa zuwa, kuma babanmu ɗan fansho ne. Ƙawata ta ce in ranci kuɗi in riƙa kai ta babban otal kullum don kada ta raina mu. Anti me muke da shi a Kaduna da zai burge wadda ta ga Turai?"

Kai, ƙanwata! Wallahi da na gama karanta wasiƙar nan sai da na yi dariya har da ƙwalla, ba don ina miki dariya ba, a'a, kaina na tuno. Abin da ƙawarki take so ki yi, ni na yi shi, na kuma sha kunyar da har gobe in na tuna sai na rufe fuska.

ABIN DA YA SAME NI

A 1993 ne, ana saura wata biyu bikina. Yayar maigidana ta zo daga Kano, ita ce babba a ɗakinsu, kuma kowa ya san in ta ce a'a to magana ta ƙare. Muna zaune a Unguwar Shanu a lokacin, gidan haya ɗaki biyu da falo. Ni kuwa da rawar kai irin ta ƙuruciya na ga ai gidanmu bai isa a sauki irin wannan baƙuwa ba. Na kwashi kuɗin adashina kaf, na haɗa da wanda na ranta wajen wata maƙwabciyarmu ba da sanin Inna ba, na ɗauki tasi shata na ce, "Yaya, tashi mu je ki ci abinci."

Muka shiga wani otal a cikin gari. Aka kawo mana takardar abinci duk da Turanci, rabin sunayen ban taɓa jin su ba, amma don kada in nuna ƙauyanci sai na sa yatsa a kan wanda ya fi tsada. Aka kawo soyayyiyar shinkafa da wani ganye ɗanye an lafta masa farin abu mai tsami. Yaya ta dubi faranti, ta dube ni, ta yi cokali biyu ta ajiye, ta ce a ba ta ruwa. Da aka kawo takardar kuɗi kuwa sai na ji gumi yana bin bayana, don abin da ke jakata bai kai ba. Sai da na cire agogon hannuna na bari jingina, tana kallo, ba ta ce uffan ba.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi yi mini ciwo ba. A hanyarmu ta komawa muka wuce wani babban gini mai ƙubba, ta ce, "Wannan fa, gidan wa ne?" Na yi shiru. Muka ƙara gaba ta ga wani fili makeke, ta ce, "Nan fa me ake yi?" Na ce ina jin ƙwallo ake bugawa. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ashe ke ma baƙuwa ce a garin." A Kaduna aka haife ni fa! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da daddare ina kuka a ɗaki Baba, Allah Ya jiƙansa, ya ji. Shi tsohon akawu ne tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa. Bai yi mini faɗa ba, sai ya ce, "Ki kwanta, gobe ni zan kai ku." Washegari ya aro Fijo wajen abokinsa ya zagaya da mu gari tun daga hantsi har la'asar, duk inda muka tsaya sai ya ba da labarinsa. Muka dawo muka tarar Inna ta yi faten tsaki ya ji yakuwa da gyaɗa. Yaya ta kama tsokana irin ta Kanawa, wai Zage-zagi ba su da aiki sai shan fate, amma fa kwano biyu ta tashi da shi. Bayan biki maigidan ya gaya mini abin da ta je ta faɗa a gida: "Gidan mutunci ne, a yi auren. Amma a hana yarinyar nan zuwa otal." Bashin maƙwabciya kuwa sai da na yi wata huɗu ina biya, agogo kuma ko da na koma karɓa na riga na ƙi jininsa.

To kin ji, ƙanwata. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wadda aka turo ta ganki ba makauniya ba ce. Tana shiga gidanku za ta san ƙarfinku.

SU MUTANEN BORDON ME SUKE YI?

Bari mu duba abin da ya tsorata ki. Bordo gari ne a kudu maso yammacin Faransa, a bakin wani kogi da ake kira Garon, kuma ƙasar da ke kewaye da shi gonakin inabi ne. Su can giya suke yi da inabin, wannan kuwa ba namu ba ne, babu ruwanmu da shi. Amma ki lura da dabararsu. In baƙo ya je ba sa kai shi ya ci abincin Amurka ko na Sin. Abin da ƙasarsu ta noma shi suke ba shi, ginin da kakanninsu suka bari shi suke nuna masa, kuma wanda zai zagaya da shi ya san labarin kowane lungu. Abu uku ke nan: abincin gida, wurin tarihi, da bakin da zai ba da labari. Wanne ne babu a Kaduna?

Har inabin ma muna da shi, in ba ki sani ba. A Ƙaramar Hukumar Kudan, wajen Hunƙuyi gaba da Zariya, manoma suna noman inabi sosai, kuma in lokacinsa ya yi a watannin sanyi za ki gan shi a faranti ana talla a bakin titi. Mu namu ci muke yi ɗanye, ko mu matse ruwansa mu sha da sanyinsa. Ki saya ki wanke shi tas ki ajiye mata, ki ce, "Wannan na jiharmu ne." Ki ga yadda hira za ta ɓarke.

Yanzu ga yadda zan raba miki kwana ukun nan.

RANAR FARKO: A BAR TA TA HUTA

Daga Maraɗi zuwa Kaduna tafiya ce, sai an bi ta Jibiya da Katsina kafin a gangaro. Kada ki ja ta yawo ranar da ta sauka. Ki share ɗaki, ki canza zanin gado, ki turara shi da turaren wuta, ki kai mata ruwan wanka mai ɗumi. Ki ajiye mata sallaya ki nuna mata alƙibla tun kafin ta tambaya. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma in an haɗa biyun ai ba laifi.

Abin sha na tarba kuwa kunun aya. Ki jiƙa aya gwangwani huɗu tun daren jiya bayan kin tsince tsakuwa kin wanke. Da safe ki haɗa da dabino kamar goma sha biyar da kika cire wa ƙwallo, da kwakwa rabi, da 'yar citta da kanumfari kaɗan, a markaɗo miki a injin da aka wanke, ba wanda aka gama niƙa tattasai ba. Ki tace da kyalle mai tsabta sau biyu. In dabinon ya ji ba sai kin sa sukari ba. Abu ɗaya dai, kunun aya ba ya jure zafi, in babu wuta ki sayo ƙanƙara ki jera gorunan a kula, kuma ki yi daidai wanda za a shanye a ranar. Kada ki ba baƙuwa wanda ya kwana ya fara tsami.

Da dare tuwon shinkafa miyar taushe ya isa. Ki zauna ku ci tare, kada ki kai mata ɗaki ki gudu don kunya.

RANA TA BIYU: RANAR TARIHI

Ki sa wannan ta faɗo ranar aiki, don wuraren na hukuma ne. Ki aiki ƙaninki tun kafin ranar ya tambayo kuɗin shiga da lokacin buɗewa, kada ku je ku yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ku karya da waina da sauran miyar taushen jiya, ku fita da ƙarfe tara kafin rana ta yi zafi.

Tun a cikin Keke Napep ki fara ba ta labarin garin. Ki ce mata Kaduna ba tsohon birni ba ne mai ganuwa irin su Kano da Katsina da Zariya. Turawa ne suka kafa ta, Gwamna Lugga ya zaɓi wurin saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan a 1917. Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, su aka tarar a yankin. Sunan garin kuwa, abin da aka fi faɗa shi ne daga kadduna ya samo asali, wato jam'in kada, saboda yawansu a kogin a wancan zamani. Kaduna ta riƙe hedkwatar Arewa baki ɗaya har 1967 da aka raba jihohi. Shi ya sa za ki ga kowace ƙabila a garin nan, kuma shi ya sa unguwanninmu suke da sunaye irin su Unguwar Kanawa.

Ku fara da Gidan Arewa, wato Arewa House, a kan titin Rabah. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda ya riƙe mulkin Arewa daga 1954 zuwa 1966. Rabah ɗin ma da aka sa wa titin sunan garin da aka haife shi ne a ƙasar Sakkwato. A gidan nan ne sojojin da suka yi juyin mulki suka kashe shi a daren 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi. Daga baya a 1970 aka mayar da wurin cibiyar binciken tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wani masanin tarihi Bature da ya musulunta, Farfesa Abdullahi Smith, shi ya fara shugabantarta. Za ku ga hotuna da kayayyakin Sardauna da tsofaffin takardu, har da rubuce-rubucen malamanmu na da cikin Larabci da ajami.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai ranar da Baba ya kai mu shi ne labarin uwargidansa Hafsatu. A daren nan ba ta gudu ta bar shi ba, tare aka kashe su. Baba yana faɗa muryarsa tana rawa, na waiga na ga Yaya tana share hawaye da gefen gyale. Ku masu karanta littattafan soyayya kuna kuka a kan labarin da aka ƙaga, to ga na gaske nan a garinku, kuɗin mota kawai zai kai ku.

Daga nan ku gangara titin Ali Akilu, Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa. Ginin da can hedkwatar jam'iyyar NPC ce, jam'iyyar su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1975. A nan za ki nuna mata kawunan yumɓu na Nok. Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba a kudancin jiharmu, masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da irin waɗannan kayan a 1928, kuma masana sun tabbatar sun haura shekara 2000. Turawan da take ba ku labari, su ma a manyan gidajen tarihinsu suna ajiye da kayan Nok suna alfahari da su. In ta taɓa ganinsu a can, ki ce mata to ga gidansu. Ku leƙa wajen masu sana'ar hannu da ke harabar, ko ba za ku saya ba ku ba ido abinci.

Azahar za ta same ku kusa da Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, wanda aka gina a farkon shekarun 1960. A nan marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsirin azumi ana sawa a Rediyon Kaduna, ya rasu a 1992. Ki tambaye ta, na tabbata iyayenta a Maraɗi sun saurari Rediyon Kaduna, don muryar gidan nan ta daɗe tana tsallaka iyaka. Kin ga kun sami abin da ya haɗa ku.

Ku koma gida cin abincin rana, kada ku tsaya saye a hanya. Ga ranar fate. Tun kafin ku fita ki gyara komai ki bar wa Inna ko ƙanwarki umarni, ko kuma ki dawo ki ɗora da kanki don ta ga hannunki. Ki dafa wake ya yi laushi da nama ko ƙashi, ki zuba jajjagen attaruhu da albasa da daddawa da manja da dakakkiyar gyaɗa. In ya tafasa ki wanke tsakin masara ki rege shi ki zuba, kina juyawa don kada ya kama ko ya yi gudaji. Sai tsakin ya nuna sannan ki zuba alayyafo da yakuwa da gauta, ki ba shi 'yan mintoci ki sauke. Kuskuren da 'yan mata suke yi shi ne zuba ganye da wuri, ya dahu ya yi baƙi ya mutu. Kuma kada ki cika yakuwa, tsami kaɗan ake so, ba wanda zai sa baƙuwa runtse ido ba.

RANA TA UKU: KASUWA DA BAKIN KOGI

Da safe ku shiga Babbar Kasuwa, wadda aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, a kan titin Ahmadu Bello. Mace ko daga ina ta fito tana son kasuwa. Ki bar ta ta taya atamfa da leshi ta gwada farashi da na Maraɗi. Ki riƙe jakarki a gaba, ita ma ki gaya mata. A nan za ki sayi kayan zoɓo da tsaraba.

A hanya ki nuna mata ginin nan mai ƙubba da ya ba ni kunya. Sunansa Lugard Hall, nan ne majalisar Jihar Arewa take zama a da, sarakuna da wakilai daga Sakkwato har Borno har Ilori, yanzu kuma Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce a wurin. Daga waje za ku gani. Filin nan kuma da na ce ƙwallo ake bugawa, Dandalin Murtala ne, da can filin sukuwa. A nan aka yi wa Sarauniyar Ingila Elizabeth gagarumin hawan daba da ta zo a 1956, aka kuma sake yin wani a 1977 lokacin bikin FESTAC, dawaki da raƙuma daga masarautun Arewa. Baba ya ga na 1977 da idonsa, ya ce ƙura har ta rufe rana. Saboda bikin ne ma aka gina otal ɗin Durbar, wanda aka rushe a 2020. An yi wa dandalin gyara a zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, da yamma za ki ga mutane suna motsa jiki.

Bayan la'asar sai Gamji. Sunansa na hukuma wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi gwamnan soja na Jihar Arewa bayan rasuwar Sardauna, amma kowa Gamji yake cewa, kirarin Sardauna ke nan. A bakin Kogin Kaduna yake, da manyan itatuwa da inuwa. A ciki akwai 'yar gadar ƙarfe ta ƙafa da ake kira Gadar Lugga. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna, kuma tun 1956 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. Ta girmi garin kansa, kin ji abin mamaki. Ku ɗauki hoto a wurin, ki tabbata kin yi kyau, don kin san hannun wanda hoton zai faɗa.

Ku tafi da tabarma da zoɓonku a kula. Wajen haɗa shi ki wanke zoɓon sau ɗaya da sauri don ƙasa ta fita, ki tafasa da ɓawon abarba da kanumfari da citta, ki tace, sai ya huce ki sa sukari. Cittar nan ma abin labari ce. Daga kudancin jiharmu take fitowa, wajen Kaciya da Jaba da Kagarko, har ƙasashen waje ake fita da ita. In kin ji ta yi tsada, wata cuta ce ta faɗa wa gonakinta a daminar 2023 ta yi ɓarna mai yawa. Ki haɗa da rake, in kin samu na Maƙarfi, a fere a yayyanka tun daga gida. In za ku dawo ƙaninki ya tsaya wajen mai tsire ya sayo mai zafi, a ci a gida da daddare.

Tsaraba kuwa kada ki kai mata kilishi. Mutanen Nijar za ki nuna wa kilishi? Ai kin kai wa mai rijiya ruwa. Ki ɗaure mata busasshiyar citta, da acca mudu ɗaya irin ta kudancin Kaduna, da dambun nama in kin iya, da turmin atamfa ɗaya na uwar miji in da hali. In babu hali citta da acca sun wadatar, daidai ruwa daidai tsaki.

JAN KUNNE

Na farko, ba a fita sai da izinin Baba, kuma ku tafi da ƙaninki ko yayanki ko wata babba. Kada ki yarda ƙawar nan taki ta ce za ta kawo saurayinta mai mota ya zagaya da ku. Baƙuwarki za ta koma gida da labarin motar wani saurayi, ke kuma ki yi ta rantse-rantse.

Na biyu, magariba ta yi muku a gida. Kada a fita bayan gari yawon ganin gonaki sai manya sun amince da lafiyar hanya, kuma da namiji babba a tare.

Na uku, a Gamji ban da gangarawa cikin ruwa, musamman da damina in kogi ya kawo. Kallo daga tudu ya isa.

Na huɗu, in ta fara labarin Faransa ki saurara da sakin fuska, ki yi tambaya, ki ƙaru. Kada ki ji haushi, kada kuma ki ƙaga naki labarin don ki yi daidai da ita. In ta tambaye ki abin da ba ki sani ba ki ce, "Bari mu tambayi Baba in mun koma." Babanki ɗan fansho ne kika ce, to wallahi kina da taska a gida ba ki sani ba. Ki zauna da shi daren yau ki ce ya ba ki labarin Kaduna, ki ga yadda zai gyara zama. Ni yanzu da zan samu Baba na minti goma, tambayoyin da zan yi masa sun fi ɗari, amma ina!

Na biyar, ko sisin kwabo kada ki ranta. Amarya ta shiga ɗaki da bashi a ka, tun ba a je ko'ina ba ta fara ɓoye-ɓoye da ƙarya ga miji.

Ku ma sauran 'yan matana na Kawo da Malali da Badarawa da Unguwar Rimi da Tudun Wada, ba sai kun jira dangin miji ba. Hutun nan mai zuwa ku haɗa kuɗin mota ku uku ko huɗu, ku nemi izini, ku je ku ga wuraren nan. 'Yan makaranta ku roƙi malamin tarihi ya kai ajinku. Na Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya kuma kowacce ta rubuto mini inda za ta kai baƙuwa a garinsu da abin da za ta dafa mata, wadda tata ta fi tsari zan buga a wannan fili.

Ke kuma ƙanwata ta Unguwar Dosa, ki share hawayenki ki je ki jiƙa aya. In baƙuwa ta tafi ki rubuto ki gaya mini kwano nawa ta sha na fate. Allah Ya sa alheri, Ya kai mu ranar lafiya, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Wata mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan maganar lefe, musamman masu tambaya ko dole ne sai an yi akwati goma sha biyu. Ku gaida su Inna.

Taku har kullum,
Anti